Barga ko Bariki? Sharhi a kan Yadda Ake Rubuta Tarihin Mahayan Katsina

A shekarar 2023 wani malamin makarantar sakandare a nan Dutsin-Ma ya kawo mini takardar darasin da ya shirya wa ɗalibansa, gabanin ya kai su ziyarar wuraren tarihi a birnin Katsina. Ya ce, "Baba, a duba mini ko akwai gyara." Na bi ta layi-layi har na iso inda ya yi bayanin Barga, wato sashen nan na Gidan Korau inda dawakin Sarki suke. Abin da ya rubuta a taƙaice shi ne, wai nan ne tsohon barikin sojan doki na Katsina, inda dubban mahaya ke kwana tare da dawakinsu suna jiran a buga tambari su fita yaƙi. Na ce, "Malam, ina ka samo wannan?" Sai ya nuna mini wata 'yar ƙasida irin wadda ake raba wa baƙi, da wasu rubuce-rubuce da ya ciro daga intanet. Ban ga laifinsa ba, domin abin da ya tarar shi ya ɗauka. Amma tun da yara fiye da ɗari za su haddace wannan magana su rubuta ta a jarrabawa, na ga ya kamata a zauna a duba ta, a kuma duba littattafan da ya dace a ce an dogara da su.

Bari mu fara da ita kanta kalmar. Bariki ba tsohuwar Hausa ba ce, daga Turanci aka are ta, kuma tare da Turawa ta shigo. Da farko tana nufin mazaunin soja, daga baya ta haɗa da unguwar da Razdan da Di'o suke zaune a bayan ganuwa, da ɗan gidan saukar da ake gina wa Bature a manyan ƙauyuka idan ya fito rangadi. Daga nan ne muka samu ɗan bariki da barikanci, waɗanda ba yabo ba ne a bakin iyayenmu. Barga kuwa wurin ɗaure doki ce, inda turke yake, da kwamin dusa, da tarin harawa. Duk wanda ya musanya ɗaya da ɗaya ya ɗauko tsarin sojan Bature, mai albashi da kaki da fareti, ya jingina wa mutanen da ba su san shi ba.

Ƙasidun nan na baƙi suna da abin da suka faɗa daidai. Gaskiya ne an kasa gidan Sarki gida uku, Soro da Barga da Gidan Ganye, kuma gaskiya ne a Barga ake samun su Shamaki da Sarkin Zagi da Sarkin Lifidi da sauran masu hidimar dawaki da hawa. Inda suke tuntuɓe shi ne wurin shekara da wurin adadi. Kusan dukkansu suna cewa Muhammadu Korau ya gina gidan a 1348, kowa na kwafa daga na gabansa. Masu binciken da suka auna jerin sarakunan Katsina da abubuwan da aka san lokacinsu tabbas, kamar wasiƙar da Shehu Suyuɗi na Masar ya aiko wa Sarki Ibrahim Sura da zuwan Shehu Magili ƙasar Hausa a wajajen 1490 da 'yan kai, sun sanya Korau a rabi na biyu na ƙarni na 15. Tazarar ta kai shekara ɗari. Wannan ba ya rage wa gidan daraja ko kaɗan, amma yana nuna irin sakacin da ake yi da lissafi, kuma sakacin nan ne ya haifi dubban mahayan da malaminmu ya kwantar a Barga.

Lissafin Abdulkarim

Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya yi yawonsa da sunan Abdulkarim, ya sauka Katsina a farkon 1851, zamanin Sarki Muhammadu Bello, ya kuma sake biyowa a 1853. Mutum ne mai son ƙidaya. A ƙiyasinsa, mutanen da ke cikin birnin a lokacin ba su wuce 7,000 zuwa 8,000 ba, duk da faɗin ganuwar, domin yawancin cikinta gonaki ne da kangaye. Ya kuma ƙiyasta cewa ƙasar Katsina baki ɗaya tana iya fitar da mahaya 2,000 da dakaru 8,000, akasarinsu 'yan baka. Ƙiyasi ne na baƙo, ba ƙidayar haraji ba, amma ko an ƙara ko an rage, mai karatu ya ajiye adadin biyu gefe da gefe ya gani. Garin da ke da mutum dubu bakwai ko takwas, har da mata da yara da tsofaffi, yaya za a yi ya riƙe doki dubu biyu a harabar gida ɗaya?

Duk wanda ya taɓa kiwon doki ya san amsar. Ni na tashi na tarar da doki ɗaya tak a gidan kakana a ƙasar Kurfi, kuma na san yadda ya mallake gidan. Da asuba a kwashe turoso, a ba shi dawa ko gero, a jiƙa masa dusa da kanwa, da hantsi wani ya tafi yankan ciyawa, da yamma a kai shi ruwa a wanke shi a motsa masa jini. Da kaka kuwa, kafin a gama ɗaure hatsin mutane an fara lissafin harawar wake da ta gyaɗa da za ta kai shi bazara. Doki ɗaya yana cin ƙarfin mutum ɗaya cur, wani lokaci biyu. To ina ga ingarman yaƙi wanda zai ɗauki lifidi da mai lifidi? Abincinsa a gona yake, gonar kuwa a karkara take. Saboda haka dole dokin ya zauna kusa da rumbu.

Haka kuwa aka yi. Sarki yana da bargarsa, wadda ta fi ta kowa, yana da bayinsa da baradensa da 'yan lifida waɗanda ke kewaye da shi a fagen fama. Sauran rundunar tana warwatse a gidajen masu sarauta, kowane da tasa bargar da nasa barori. Sarki kan ba bara doki da sirdi da takobi, shi ma hakimi haka yake yi wa nasa yaran, sharaɗin kawai shi ne ranar da aka kira a amsa. Idan yaƙi ya taso sai a aika, kowa ya taho da mutanensa da guzurinsa a haɗu a sansani a bayan gari, in an dawo a raba ganima kowa ya kama gabansa. Sansani na kwanaki ne, ba gini ba ne.

Birnin da kansa yana ba da wannan shaida ga mai lura. Huɗu daga cikin ƙofofinsa sunayen sarautu suke ɗauke da su: Ƙofar Ƙaura, Ƙofar Durɓi, Ƙofar Marusa da Ƙofar 'Yanɗaka. A fahimtata, wannan ya isa ya nuna wa ɗalibi cewa ƙarfin Katsina ta ƙofa yake shigowa. Har yau Ƙaura yana Rimi, Durɓi yana Mani, Galadima yana Malumfashi, 'Yanɗaka yana nan Dutsin-Ma, Maraɗi yana Kurfi. (Yara kan yi mamaki in an ce musu Maraɗin Katsina a Kurfi yake, ba a Nijar ba. Sarautar ta girmi garin, garin ne ya ci sunanta.) Gidan 'Yanɗaka na yanzu ya samo asali ne daga Malam Muhammadu Na'alhaji, ɗaya daga cikin malamai uku da suka jagoranci jihadi a ƙasar Katsina, tare da Ummarun Dallaje da Ummarun Dumyawa. Mutanen da suka ci ƙasa da takobinsu ba za su kwashi dawakinsu su kai wa wani ajiya a birni ba.

Akwai kuma dalili na tsaro, wanda mu mutanen wannan yanki bai kamata a koya mana shi ba. Bayan an kori sarakunan Haɓe a 1807, zuriyarsu sun kafu a Maraɗi ƙarƙashin Ɗankasawa, kuma kusan ƙarnin nan gaba ɗaya ba su daina kawo hari ba. An kashe Sarkinsu Rauda a yaƙin Gawakuke a 1836, amma abin bai mutu ba. Tawayen ƙasar Ruma ya biyo baya, Sarki Siddiku ya murƙushe shi da tsananin da ya mayar da garuruwa da dama kufai, aka kuma tuɓe shi a 1844. Dajin da ya maye gurbin garuruwan nan shi ya zama hanyar mahayan Ɗanbaskore, daga baya kuma na Ƙaura Hasau. Mahari kan fito daga daji da asuba, ya kwashi mutane da shanu, kafin azahar ya ɓace. Dokin da ke ɗaure a Ƙofar Soro, tafiyar yini guda ko fiye, ba shi da amfani ga mutumin Tsauri ko Birchi ko Karofi. Wanda zai bi sawu dole ya kasance a kusa. Tun daga wajajen 2019 da 'yan bindiga suka matsa wa ƙauyukanmu daga dajin Rugu, a kan babura, dattawa da yawa sun ce mini labarin da kakanninsu suka ba su ne ya dawo, har da tambayar da ake yi a wancan zamani, wato ina masu kawo ɗauki suke kwana.

Littattafan da ke hannu

Littafin da aka fi ambata a kan wannan fanni shi ne na Joseph Smaldone a kan yaƙi a Daular Sakkwato, wanda aka buga a Kambirij a 1977. Ina ganin girmansa. Shi ya fito da abin da masu kirari ba su son ji, cewa rundunar jihadi da ƙafa ta fara, da baka da kibiya. A Tabkin Kwatto a 1804 dawakin jama'ar Shehu kamar 20 ne kacal, Gobirawa ne ke da lifidi, kuma masu lifidin ne suka sha kashi. Sai bayan an ci ƙasa aka gaji dawakin waɗanda aka kora da sarautunsu da tsarinsu. Ya kuma bi yadda bindiga ta yawaita a ƙarshen ƙarnin, da yadda wasu sarakuna suka damƙa ta a hannun bayinsu don su rage dogaro da hakimai. Inda nake da ja da shi shi ne, daga sama yake kallon daular, kamar shaho, sai Katsina ta zama ɗaya daga cikin misalai. Ga shi kuma yana yawan auna mu da ma'aunin Turai ta zamanin da, mai gidan gona da jarumin da ke yi masa yaƙi. Kamannin akwai shi, amma yana sa mai karatu ya ɗauka ko'ina abu ɗaya ne. Masarautar da ke fita neman bayi a kudu daban take da wadda ke tsaron ƙofarta daga 'yan'uwanta na arewa. Katsina ta biyun ce.

Robin Law, a littafinsa na 1980 a kan doki a tarihin Afirka ta Yamma, ya fi kusa da turke. Ya damu da tsadar doki, da cututtukansa, da yadda ake sayar da bawa a sayi doki a kuma hau dokin a kamo wani bawan. Wanda ya karanta shi ba zai ƙara kallon hawa da ido ɗaya ba. Sai dai fagensa ya yi faɗi ƙwarai, daga Sanagal har Barno.

Wanda ya san ƙasar nan da ƙafarsa shi ne marigayi Dokta Yusufu Bala Usman, Allah ya jiƙansa. Littafinsa a kan sauyin da Katsina ta yi daga 1400 zuwa 1883, wanda Jami'ar Ahmadu Bello ta buga a 1981, ba littafin yaƙi ba ne, amma a cikinsa ne mutum zai gane dalilin da ya sa manyan gidajen jihadi suka riƙe yankunansu da ƙarfinsu, da yadda sarakunan Dallazawa suka yi ta fama su jawo ragamar zuwa birni. Ya zauna da tsofaffi a garuruwa da ƙauyuka, har da na ƙasar Maraɗi, ya kuma ƙi yarda a mayar da tarihin nan rigimar Fulani da Haɓe kawai. Da malaminmu ya karanta shi, da bai rubuta abin da ya rubuta ba. Amma Turancinsa mai nauyi ne, samunsa kuma sai an sha wuya, ga shi ya tsaya a 1883, shekara ashirin kafin abin da ya sauya Barga ya auku.

Barikin gaskiya

Sojan doki mai bariki ya zo ƙasar nan, amma ba na Sarki ba ne. A cikin rundunar da Gwamna Lugga ya ci Arewa da ita akwai wani sashe na sojoji masu hawa, yawancinsu 'yan ƙasa, a kan dawakin ƙasa, hafsoshinsu Turawa. Su ba sukuwa suke yi da mashi ba. Doki abin tafiya ne kawai a wurinsu, in an haɗu da abokan gaba sai su sauka, su yi sahu mai kusurwa huɗu, dawaki a tsakiya, su buɗe wuta. Bayan an ci Kano ranar 3 ga Fabrairu 1903, wani ƙaramin ayarinsu da bai kai mutum 50 ba, ƙarƙashin wani hafsa mai suna Wright, ya yi karo da rundunar Kanawa a kusa da Kwatarkwashi. Mahayan Kano suka yi ta kai hari a kan sahun nan ba su fasa shi ba, Waziri Ahmadu ya faɗi a wurin. Sakkwato ta faɗi ranar 15 ga Maris, daga can Lugga ya nufo Katsina, ya shiga ta Ƙofar 'Yanɗaka ba tare da an yi yaƙi ba, zamanin Sarki Abubakar. Mahayan Katsina ba su taɓa gwabzawa da sahun nan ba, kuma wanda ya san abin da ya faru a Kwatarkwashi ba zai yi gaggawar zarginsu ba.

Abin mamaki, waɗanda suka fasa sojan dokin Bature ba mahaya ba ne. A Satiru, kusa da Sakkwato, a Fabrairun 1906, talakawa da bayin da suka gudu, da gatura da fartanya da baka, suka auka musu kafin su gama haɗa sahu, dawaki suka firgita, aka kashe Turawa 3 da sojoji fiye da 20. A watan Maris aka dawo aka shafe garin. Ban taɓa ganin wannan a ƙasidar da ake raba wa baƙi ranar hawa ba.

Daga nan Barga ta shiga wata rayuwa, kuma wannan ne babin da ba a rubuta shi yadda ya kamata ba. Yaƙi ya ƙare, ganima ta ƙare. Dokar 1901 ta ce duk ɗan da aka haifa daga Afrilun shekarar ɗa ne, ba bawa ba, sannan a 1936 aka soke bautar gaba ɗaya, wato hannun da ke yankan ciyawa kyauta ya fara janyewa. Baitulmalin da Palmer ya fara gwadawa a Katsina zamanin Sarki Muhammadu Dikko ya mayar da Sarki da hakimai masu albashi, doki ya koma cin kuɗin aljihu. Mota ta zo, har aka samu Sarkin Mota yana zaune cikin Barga kusa da Sarkin Zagi, mai doki ya koma kuturi. A wurare da yawa a nan labarin ya ƙare. A Katsina bai ƙare ba, saboda Dikko, wanda ya yi sarauta daga 1906 zuwa 1944, mutum ne mai son doki. Bayan tafiyarsa Ingila da Makka a 1921 ya kafa wasan ƙwallon dawaki a Katsina, ya sa 'ya'yansa da hakimansa a ciki, ɗansa Sarki Usman Nagoggo kuma ya zama gwanin da aka san shi har ƙasashen waje. Dokin yaƙi ya zama dokin folo da sukuwa da hawan salla. Malam Bello Kagara ya rubuta tarihin Dikko da Hausa, kuma ya kamata kowane malami ya karanta shi, amma rubutu ne na bafade mai ladabi, idonsa a kan Sarki yake, ba a kan mai riƙe linzami ba.

Ko sunan hawan kashegarin salla ya isa darasi. Hawan Bariki ake ce masa, domin Sarki ne ke hawa da jama'arsa ya tafi gaida Razdan a barikinsa, yau kuma Gwamna a gidan gwamnati. Ke nan a bakin Katsinawa kansu, Barga ce ke zuwa bariki, ba ita ce barikin ba. Hawan salla tsohon abu ne, amma babban taron daba irin na Kaduna a 1956 don Sarauniyar Ingila, ko na bikin FESTAC a 1977, tsari ne da Turawa suka kawo daga Indiya suka ɗora a kan namu. Da hukumar UNESCO ta sanya hawan Kano cikin jerin al'adun duniya a Disambar 2024 na yi murna, amma na lura tun daga lokacin rubuce-rubucen da ke cewa hawa fareti ne na tsohuwar runduna, ba abin da ya canza, sai ƙaruwa suke yi. Abubuwa da yawa sun canza. Lokacin da nake yaro, dawakin hakimai da ƙafarsu suke zuwa Katsina, a bi ta Kurfi, a kwana a hanya. Yanzu a bayan babbar mota ake kai su, wasu ma haya ake yi.

Babban abin da na rasa a duk rubuce-rubucen nan, na Turanci da na Hausa, shi ne mutanen barga. An rubuta sunayen sarakuna da na Ƙauraye, an rubuta launin dawaki, kili da akawal da danda da bidi, an lissafa jalala da bauji da likkafa. Ba a rubuta wanda ya kwana yana jiƙa dusa ba. Dalilin a fili yake: yawancinsu bayi ne, jikokinsu kuma suna nan, wasu manyan ma'aikata ne, ba wanda ke son a tono. Na fahimci wannan, ni ma ba zan kama sunan gidan kowa ba. Amma ana iya rubuta aikin ba tare da an tozarta mai shi ba, kuma ilimin da ke wurinsu, na maganin ciwon ciki da na kofato, na horar da ɗan doki, na ɗinkin lifidi da auduga, yana tafiya tare da tsofaffin.

Da malamin ya dawo karɓar takardarsa, na soke masa layi biyu, na rubuta masa lissafin Abdulkarim a gefe don ya ba yara su yi da kansu. Na kuma ce kafin ya nemi motar zuwa Katsina ya fara kai su wurin wani tsoho a wani ƙauye tsakaninmu da Kurfi, wanda kakansa ya yi hidimar dawakin wani basarake. Ni da kaina na je wurinsa a 2022. Ya kai ni bayan gidansu ya nuna mini wata tsohuwar rijiya da aka daina sha, da wani dutse mai kwarmi inda ake zuba wa dawaki ruwan kanwa. Ya taka ƙasa da sandarsa wuri shida, a jere, ya ce nan turakun suke. Gero aka shuka a wurin.